Kwamfutar ado ba ta tace fim

A wannan makon mun ajiye zancen salo da jigo, za mu taɓo batun da ya so ya raba kanmu a nan Zuru.

Tun da Labarina da Izzar So suka nuna cewa labarin Hausa zai iya tara dubban masu kallo a YouTube, kowane marubuci ya fara mafarkin ganin rubutunsa yana motsi. Mu ma haka. Muka yi karo-karo na wata bakwai don sayen kwamfutar da za mu riƙa tace gajerun labaranmu, da hotunan bikin Uhola da muke ɗauka da waya suna ɓacewa a banza. Kuɗi na haɗuwa sai gardama ta tashi: wasu suka kafe sai ol-in-wan, wato wadda komai nata ke cikin allo, irin iMac. Hujjarsu? Wai ta fi kyau a hoto, duk wanda ya shigo zai san sutudiyo ya shigo.

To mu dai mun ce a'a, kuma har gobe a'a. Mai akwati muke so, wadda 'yan kasuwa ke kira CPU, ko da kuwa ta hannu ce.

Tace bidiyo aiki ne mai ci. DaVinci Resolve, wadda ake samu kyauta, tana buƙatar RAM na 16GB a Windows da katin girafik mai ƙarfi. Mai akwati, yau ka saya da 8GB, bayan sallah ka samu kuɗi ka kwance murfi ka ƙara, baɗi ka sa SSD, wata shekara ka canza kati. Da kaɗan-kaɗan take girma, daidai da aljihun marubuci. Ita kuwa iMac ɗin da Apple ya fitar a 2021 mai M1, RAM ɗinta a haɗe yake da injin; abin da ka saya ranar farko da shi za ku rabu. Sauran ol-in-wan ɗin HP da Dell galibi kayan cikin laftof ne aka cusa bayan allo, ba wurin sa kati.

Sannan a tuna inda muke. Ƙurar hunturu ba ta neman izini, zafin Maris da Afrilu kuma kowa ya san shi. Injin da ke fitar da fim na minti 40 yakan yi zafi sosai, idan iska ba ta ratsa shi sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Akwati yana da fili da fankoki, kuma ko ƙaninka zai iya buɗewa ya hure ƙurar. Ranar da allon ol-in-wan ya fashe fa? Kwamfutar gaba ɗaya za a kai gyara, da aikinka a ciki. Sai ka naɗe ta a bargo ka bi hanyar Rijau zuwa Kontagora, ko ka wuce har Farm Centre a Kano, kana addu'a a kowane rami. Mai akwati, allonta ya mutu, ka jona talabijin ɗin falo da wayar HDMI ka ci gaba kafin magariba.

Ba mu ƙi gaskiya ba: suna da hujja ɗaya mai nauyi, ita ce wuta. Akwati mai babban kati yana shan lantarki fiye da iMac nesa ba kusa ba, kuma a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, wanda ke kan ƙaramar sola dole ya yi lissafi. Amma wannan hujjar tana kai mutum ne ga laftof mai batir, ba ga ol-in-wan ba, domin ita ma ana ɗauke wuta take mutuwa. Duk wadda aka saya sai an haɗa da UPS, in ba haka ba aikin awa uku ya tafi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, mu da muke gaya wa sababbin marubuta kada bango mai ƙyalli ya ruɗe su, mu ne muka zauna muna zaɓen inji da ido. Ragowar kuɗin da akwati zai bar mana ya isa makirfo mai kyau, kuma duk wanda ya saurari muryar bidiyonmu na bara ya san can ne ciwon yake.

Ranar Asabar za a kaɗa ƙuri'a bayan la'asar. Masu son ol-in-wan, ku zo da amsar tambaya ɗaya: in ta lalace, wa zai gyara mana ita a Zuru?