Sharhi: Dukiyar da ta fi ƙarfin aljihun Alhaji tana buƙatar ma'aji mai iya cewa a'a

Duk ranar Lahadi idan kasuwar Mirriya ta cika, kuɗin da ke yawo a cikinta daga hantsi zuwa la'asar ba kaɗan ba ne. Ana loda wake da riɗi da gyaɗa, ana cinikin dabbobi, ga tukwanen da garin ya yi suna da su, ga kayan lambu daga fadama. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Zinder zuwa Gure da Diffa, kimanin kilomita 18 daga birnin Damagaram, kuma a tsakanin garuruwan biyu akwai 'yan kasuwar da suka fara da buhu goma, yau suna da sito biyu ko uku, da manyan motoci, da gidan mai ko masana'antar ruwan leda. Sai dai a gidaje da yawa lissafin duk wannan dukiya yana wuri uku ne kawai: kan Alhaji, da wayarsa, da wani littafin 'yan makaranta da yaron shago ke riƙewa.

Wannan tsari ya yi aiki a lokacin da ciniki bai wuce abin da ido ke gani ba. Da zarar kaya sun fara kwana a Dawanau ta Kano, bashi ya bazu daga Magarya zuwa Maigatari, ma'aikata sun kai talatin, ga banki na neman takardu, to kai ɗaya ba ya iya ɗauka. A nan ne maganar ɗaukar babban jami'in kuɗi ke tasowa, wato wanda kamfanoni ke kira daraktan kuɗi. Kuma a nan ne akasarin masu dukiya ke yin kuskure iri biyu. Wasu su ƙi ɗauka sam, wasu kuma su ɗauka su hana shi aiki.

Ya kamata a fara rarrabe ayyukan, domin ana yawan cakuɗa su. Mai karɓar kuɗi a kanta daban yake, akanta mai shigar da ciniki cikin littafi ya fitar da lissafin ƙarshen shekara shi ma daban. Daraktan kuɗi gaba yake kallo. Shi ne zai ce nan da wata uku asusu zai bushe idan aka sayi motar nan yanzu, ko ya nuna cewa gidan mai ne ke ciyar da sito alhali kowa na zaton akasin haka. Shi ke zama da banki kan sharuɗɗan rance, shi ke sa iyaka ga bashin da za a ba kowane abokin ciniki, shi ke yanke shawarar ko a bar kuɗi a naira ko a maida su sefa a ranar. Kamfanin da ke cin riba a takarda yana iya durƙushewa saboda ranar biyan albashi ta zo kuɗin duk suna hannun masu bashi.

Shekarun nan sun koya wa 'yan kasuwar Damagaram wannan darasi da tsada. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, a kan sefa 655.957, ita kuwa naira an sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya zuwa sama da 750 cikin 'yan kwanaki, kafin ta haura 1,500 a 2024. Duk wanda ya ba da wake bashi da naira kafin faɗuwar, ya karɓi kuɗinsa bayanta, an biya shi cif-cif amma ya dawo gida da asara, kuma littafin yaron shago ba zai nuna masa hakan ba, domin lambar da aka rubuta ita aka karɓa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai ga takunkumin ECOWAS: aka rufe iyaka, tsabar kuɗi ta yi wuya a bankuna, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. A watan Oktoban 2024 kuma gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje in ban da Mali da Burkina Faso. Babu akantan da zai hana irin waɗannan abubuwa faruwa. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan kasuwar da ya san tun ranar farko wata nawa zai iya jurewa ba tare da ciniki ba, da wanda sai direbobi sun zo neman kuɗin gas ya gane asusu babu komai.

Ga kuma doka, wadda ba ta jiran kowa. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, kuma tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. Tun 1 ga Janairun 2018 sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ke aiki. Ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba an sauƙaƙa masa, yana iya riƙe lissafin shiga da fita kawai. Wanda ya wuce nan sai cikakken lissafi. Kamfani irin na SARL kuwa, idan ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku, wato kadara sama da miliyan 125, ko ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikata na dindindin sama da 50, dole ya naɗa mai binciken kuɗi daga waje. Miliyan 250 na da girma a baki, amma mai gidan mai ko mai loda tirela-tirela ta wake yana iya tsallake ta bai ma lura ba. A ƙara da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari da rasit mai tantancewa da hukumar haraji ke nema, sai a ga cewa rashin mai riƙe lissafi na ƙwarai ma wani haraji ne, wanda ake biya ta hanyar tara.

Masu cewa wannan al'adar Bature ce ba su duba tarihin gida ba. Ayarin fatake na dā, irin wanda ke zuwa Gwanja sayen goro, ba madugu kaɗai ke tafiyar da shi ba. Akwai jagaba, akwai uban dawaki mai tara kuɗin fito da na hanya, akwai malamin ayari mai rubutu. A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Ma'aji. Attajirai irin su Malam Yaro na unguwar Zango a Zinder, wanda harkarsa ta kai har Tarabulus a ƙarshen ƙarni na 19, da wakilai da wasiƙu suka riƙe cinikin da ba sa ganinsa da ido. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Kuma wanda bai san abin da ya mallaka ba, da me zai auna zakka?

Misali mafi kusa a wannan zamani yana Kano da Legas. A shekarun 1990, lokacin da kamfanin Aliko Dangote yake harkar shigo da kaya irin su sukari da shinkafa da siminti, ya ɗauki Olakunle Alake, akantan da ya goge a kamfanin binciken kuɗi na Price Waterhouse, ya ba shi kula da kuɗin kamfanin. Ba ɗan'uwansa ba ne, ba Bahaushe ba ne. Bayan haka ne kamfanin ya koma kafa masana'antu, ya shigar da Dangote Sugar kasuwar hannun jari a 2007, da Dangote Cement a 2010, matakan da ba sa yiwuwa sai da littafin da baƙo zai karanta ya gamsu. A 2018 Alake ya zama babban manajan darakta na rukunin kamfanonin. Ba a cewa mutum ɗaya ne ya gina wannan daula, kuma ba kowane mai sito a Mirriya ke neman zama Dangote ba. Abin lura shi ne lokacin da aka yi ɗaukar: kafin babban girma, ba bayansa ba.

To amma me ke hana namu? Ba rashin kuɗin albashi ba ne a galibi. Abin da ke hanawa shi ne, ranar da daraktan kuɗi ya shigo, ranar asusun kamfani ya daina zama aljihun maigida. Kuɗin bikin ɗiya, da kujerar Makka ta surukai, da gudummawar ɗan takara, duk sai an rubuta su da sunansu, a cire su daga rabon Alhaji, ba daga jarin kamfani ba. Mai dukiya da yawa zai yarda ya sayi kwamfuta da na'urar sanyaya ɗaki ya zaunar da mai digiri, amma ba zai yarda yaron da yake biya albashi ya ce masa "Alhaji, wannan watan ba za a iya ba." Idan haka ne kuwa, an ɗauki magatakarda ne mai tsada. Darakta na gaske yakan ajiye aiki cikin shekara guda a irin wannan gida, wanda ya zauna kuma yakan koyi rubuta abin da ake so a gani.

Shi ya sa ake gudu zuwa ga ɗan'uwa: ƙane, ko ɗan ƙanwa, ko tsohon bara da ya shekara ashirin a gidan. Tsarin ubangida da yaransa shi ya gina alhazan Maradi da na Zinder, kuma amanar da ke cikinsa gaskiya ce, babu mai raina ta. Matsalar ita ce amana ba ta koya wa mutum lissafin faɗuwar naira, sannan ɗan'uwa ba ya korarwa. Idan kuɗi suka ɓace a hannun baƙo ana zuwa kotu, idan suka ɓace a hannun ɗan ƙanwa sai a tara dattawa a ce a yi haƙuri, a rasa kuɗin a rasa zumuncin. Ɗan gida mai takardar aikin da gogewa yana da haƙƙin neman kujerar kamar kowa, da sharaɗin ya bi ta ƙofar da baƙo zai bi.

Wannan ƙofa ba ta da wani sirri. A rubuta aikin da ake so a yi kafin a fara neman mutum. A ajiye wa mai nema takardun ciniki na gaske na wata uku, a ce ya faɗi abin da ya gani, domin wanda ya iya aikin zai fito da tambayoyin da za su sa maigida gumi. A tuntuɓi inda ya bari, a ji dalilin barinsa. A wannan yanki kuma ana buƙatar mai harshe biyu ko uku: Faransanci na ofishin haraji da banki, Hausar kasuwa wadda ke lissafi da dala da jaka, da ɗan Turancin da zai karanta takardar duwan ta Najeriya. A yi kwantaragi a rubuce, a yi masa rajista a CNSS, a biya shi abin da zai hana shi kallon akwatin kuɗi. Irin waɗannan matasa suna nan, maza da mata, 'yan Damagaram da suka yi karatu a Yamai ko a CESAG ta Dakar ko a Maroko, da yawansu suna aiki da bankuna da ƙungiyoyin agaji saboda can ne ake girmama sa hannunsu. Wanda kasuwancinsa bai kai ɗaukar darakta na dindindin ba yana iya yin yarjejeniya da ofishin akanta mai rajista da ONECCA, ya riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a wata.

Sai dai kada a tsere wa ɗan'uwa a ba kura ajiyar nama don ta sa kwat. A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury Nigeria ya shekara da shekaru yana kumbura lissafinsa da abin da ya kai wajen naira biliyan 13, aka sallami babban manaja da daraktan kuɗi, daga baya hukumar kula da hannayen jari ta hukunta har da masu binciken kuɗin kamfanin. A Jamus kamfanin Wirecard ya rushe a 2020 bayan an nemi yuro biliyan 1.9 da ke cikin littafinsa aka rasa. Duka biyun suna da ƙwararru masu manyan takardu. Saboda haka mai rubuta littafi kada ya riƙe mabuɗin akwati, kuɗin da suka kai wani adadi kada su fita sai da sa hannu biyu, saƙon banki ya riƙa shiga wayar maigida kai tsaye, a ƙirga buhunan sito ba tare da sanarwa ba, sannan wani daga waje ya duba littafin sau ɗaya a shekara ko da doka ba ta tilasta ba tukuna.

Maganar ta fi shafar 'yan ci-rani. Matasan jihar Damagaram da ke Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Legas suna turo kuɗi ta Nita da Al Izza ana sa musu a jari, wasu shekara biyar ko shida, abin da suke samu hoto ne ta WhatsApp da "komai lafiya lau". Wanda ya zuba guminsa a kasuwancin yayansa yana da haƙƙin ganin takarda ɗaya duk ƙarshen wata: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ake bi, bashin da ake bin gidan, da kayan da suka rage a sito. Neman wannan ba rashin kunya ba ne, kuma yayan da ke riƙe da gaskiya shi ya fi kowa amfana, tunda takardar ce za ta wanke shi ranar da aka fara ƙananan maganganu.

Akwai kuma ranar da ba a son ambata. Idan mai dukiya ya faɗi, kuma lissafin yana kansa ne kawai, masu bin bashi sukan iso tun kafin a share makoki, waɗanda ake bi kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu. Magada su zauna rabon gado ba su san mota nawa ce ta gidan ba, nawa ce ta abokin haɗin gwiwa, sai a sayar da sito da gidan mai a raba kuɗin, direbobi da 'yan dako talatin su koma neman aiki a tasha.