Bakin bindiga ba bututun famfo ba ne

Bidiyo ne ke rudar mutane. A YouTube sai a ga Bature a garejinsa ya ɗaure bututun bindiga, ya yanka masa haƙora irin na noti a baki don ɗaura abin rage ƙara ko rage zabura, cikin minti goma ya gama. Matashin da ke kallo a Gyadi-Gyadi sai ya ce ai wannan aikin masu feƙe ƙarfe ne, ga su nan a Tarauni suna yi wa fayif da shaf ɗin mota kullum. A nan kuskuren yake.

Mai gyaran famfo idan haƙoransa suka ɗan karkace, iyakarta ruwa ya riƙa ɗiga, a naɗa zare a ƙara ɗaurewa. A bindiga kuwa, dole haƙoran su daidaita da ramin da harsashi ke bi, kuma ramin nan ba lallai ya zauna daidai tsakiyar ƙarfen ba, ko da daga masana'anta ya fito. Wanda ya auna da bayan bututu zai ga aikinsa ya yi kyau a ido, alhali ya kauce. Kaucewar da ba ta kai kaurin gashi biyu ba a baki tana ƙaruwa a tsawon abin da aka ɗaura, har harsashi ya doki gefensa. Daga nan ko dai harbi ya baude, ko ƙarfe ya tarwatse a gaban fuskar mai harbi da na kusa da shi. Kai, ko ƙarzanewa kaɗan a leɓen ramin ta isa ta lalata saiti.

Ga kuma ƙarfin da ake wasa da shi. Tayar mota na ɗaukar iska wajen awo 32, amma harsashin AK-47 kan haifar da matsi sama da awo 40,000 a cikin bututu. Shi ya sa Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake harba bututu da abin da ya fi ƙima kafin a buga masa hatimi. Mafarautanmu da ke riƙe bindigar toka sun san labarin wadda ta fashe a hannu, su da albarushinsu bai kai ko kusa da wannan ƙarfi ba.

Doka ma ba ta bar ƙofa ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera, haɗa ko gyara bindiga ba tare da izini ba, ƙerawa kuma an kafa mata DICON a Kaduna tun 1964. Mai shagon da ya karɓi aikin, ko da abokin ciniki ya ce ɗan banga ne mai tsaron unguwa, shi ma ya shiga ciki, kuma injinsa na iya zama shaida a kotu.

Don haka ƙin aikin shi ne daidai ga duk mai injin feƙe ƙarfe a Tarauni, komai ƙwarewarsa. Ba raini ba ne: yana da hannun, abin da ba shi da shi wurin gwaji ne da lasisi. Bidiyon kuwa ba ya nuna bututun da aka ɓata kafin a ɗauki wanda ya yi kyau, kuma mai shi yana ƙasar da dokarta daban da ta Najeriya.