Musun ƙwallo: wa ya kamata mu tasa a gaba?

Wasan ƙwallo minti 90 ne, amma musunsa kan cinye mako guda. Daga gidan kallo zuwa teburin mai shayi, har shirin wasanni na rediyo da ake buɗe wa jama'a layin waya, gardama ce ke tara mutane. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ɗan jaridar wasanni ya tsaya ga kawo sakamako kawai ba. Sakamako yana cikin wayar kowa da zarar alƙali ya hura tashi. Abin da ake nema wurin mai sharhi shi ne dalili: me ya sa aka ci mu, kuma laifin wa?

Damuwata ita ce inda muke kai wannan musu. A ranar 11 ga Fabrairun 2024 Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan. Kafin gari ya waye an mayar da ɗan wasan tsakiyar Najeriya Alex Iwobi jakin dukan kowa, zagi ya yi yawa har ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito fili ya roƙi a ƙyale shi. Cewa ɗan wasa bai taɓuka komai a tsakiyar fili ba ra'ayi ne, ana iya kare shi da hujja. Zagin iyayensa kuwa cin mutunci ne, kuma mai gabatar da shirin da ya bar mai kira yana yin haka don layi ya yi zafi, da shi aka yi.

Ra'ayi kuma yana da bashi a kansa. A 2013 masu sharhi sun yi wa kocin Najeriya Stephen Keshi ca saboda ya tafi gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu da wasu 'yan wasan cikin gida. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya jefa ƙwallon da ta ba Najeriya kofi a kan Burkina Faso. Kuskuren hasashe ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya wayi gari yana kirari kamar ba shi ya yi suka jiya ba.

Ga inda ce-ce-ku-ce ke da rana. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki, Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema. Hayaniyar da aka yi ta karaɗe duniya, hukumar NFF ta dakatar da waɗanda ke da hannu a wannan maguɗi har abada. A 2016 Super Falcons sun ɗauko kofin Afirka na mata a Kamaru, amma sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kafin a waiwayi haƙƙinsu. Irin wannan rigima ita ce aikin jarida, domin mai iko take tasawa a gaba.

To, mu duba shirye-shiryenmu. Sa'o'i nawa muke ɓatawa kan Messi da Ronaldo, waɗanda ba su san muna yi ba? Minti nawa muke ba ɗan wasan gasar cikin gida da ke bin albashin watanni, ko alƙalin da 'yan kallo suka lakaɗa wa duka, ko tambayar me ya sa cin wasa a waje ke da wuya haka a gasarmu? Sukar kocin Arsenal ba ta jawo wa kowa asara. Tambayar shugaban ƙungiyar jiha ina kuɗin 'yan wasa suka shiga, ita ce mai iya hana ka katin shiga fili.

A ci gaba da musu, amma da sharaɗi: a raba labari da ra'ayi, a kawo hujja, a ba wanda aka zarga damar magana. Mai sharhin da zafin bakinsa ya ƙare a kan yaron da ya ɓarar da fenariti, amma ya yi gum a gaban mai riƙe da asusu, bai cancanci a kira shi mai faɗar gaskiya ba.