Injiniya Yana Karɓar Gyara, Marubuci Yana Fushi

Makon nan za mu sosa inda yake mana ƙaiƙayi, wanda abin ya taɓa sai ya yi haƙuri.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram ya san halin waya idan kasuwa ta cika. Sabis a cike, amma saƙo ya ƙi tafiya, mai POS yana ta ɗaga na'ura sama. Sai mu ce sabis ya ɗauke, alhali sau da yawa layi ne ya yi tsawo. Turken sadarwa kamar famfon unguwa yake, abin da yake bayarwa yana da iyaka.

A tsarin 4G, sau 1000 a kowace daƙiƙa turken yake yanke hukuncin wayar da zai ba hanya. Kowace waya tana kai masa rahoton ingancin sabis ɗinta da lamba daga 0 zuwa 15. In ya bi masu ƙarfi kaɗai, na tsakiyar Birnin Kudu zai ƙoshi, na ƙauyen bayan duwatsu ya kwana da ƙishi. In ya raba daidai wa daida, jimillar abin da kowa zai samu ta ragu. Shi ya sa aka fi bin tsaka-tsaki: a duba ƙarfin sabis, a kuma duba wanda ya daɗe bai samu rabo ba.

To me ya sa waya ƙirar China take fahimtar turke ƙirar Turai? Rubutu ne ya haɗa su. Gamayyar 3GPP da aka kafa a 1998 ita take tsara kundin ƙa'idojin. Kundin bai tilasta wa kamfani dabarar rabo ba, amma ya ƙayyade yaren da waya da turke za su yi magana da shi. Na farkon 4G ya fito a 2008, na 5G a 2018, kuma har yau ana yi musu gyara. Mai neman a sauya ko da jimla ɗaya sai ya cike takarda ya faɗi dalilin gyaran, da abin da za a sauya, da illar da za ta biyo baya in an ƙi. Injiniyoyin kamfanonin da suke gaba da juna a kasuwa su zauna su tsefe ta. Hatta "dole" da "ya kamata" da "ana iya" kowacce da ma'anarta, ba a musanya su.

Mu fa? Mu rubuta babi da daddare, kafin asuba mun saki. Mu rubuta "karya" muna nufin "ƙarya", mu rubuta "bata" mai karatu ya rasa ko "ba ta" ce ko "ɓata". Jarumar da take marainiya a shafi na 5, a shafi na 40 mahaifinta yana ɗaura mata aure. Wani ya nuna mana, mu ce hassada ce, mu toshe shi.

Mun san amsar da ake bayarwa. Wai adabi ilhama ce, ba lissafi ba. Gaskiya ne, amma ilhama labari take kawowa, ba ta sa wa ƙ lanƙwasa. Wai masu karatu sun matsa. Wanda ya matsa mana yau, shi zai fara guduwa gobe in labari ya warware. Wai babu kuɗin edita. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, sai dai musayar rubutu tsakanin mutum biyu ba ta cin ko sisi. Mu tuna yara da yawa a wayoyinsu suke koyon rubutun Hausa, kuskurenmu shi ne darasinsu.

Masu gyara ma ba mu tsira ba. "Wannan shirme ne" zagi ne kawai, ba ya gyara waƙafi ko ɗaya.

Ga shawara. Makon nan kowa ya ɗora shafi ɗaya na aikinsa a nan. Mai gyara ya kawo abubuwa ukun nan: me za a sauya, don me, kuma me zai lalace in an bar shi. Mai rubutu ya karɓa, ko ya ƙi da hujja. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.