Ɗaura Bel Ba Don Tsoron Jami'i Ba Ne

Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa ƙasar Kabo zuwa Gwarzo ya san wannan al'ada: da zarar direba ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, sai ya yafa bel a kafaɗa, yana wuce su ya sake shi. Tun 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura bel, amma har yau yawancinmu muna ɗaukarsa tamkar kuɗin fito. Ni a ganina laifinmu ne, mu da muka yi boko, domin mun bar maganar a hannun doka, ba mu bayyana wa jama'a hikimarta ba.

Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Idan mota tana gudun kilomita 100 a awa ta daki bishiya, motar ce ta tsaya. Fasinjan kuwa yana nan yana tafiyar mita 28 a kowace daƙiƙa, irin gudun da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 40 zai iso ƙasa da shi. Dole wani abu ya tsayar da shi: ko bel, ko gilashi, ko kwalta.

Bambancin yana ga lokaci. Mutum mai nauyin kilo 70, in an tsayar da shi cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, jikinsa zai ɗauki nauyin kusan tan 2. In kuwa ƙarfe ne ya tare shi cikin kashi ɗaya bisa ɗari, nauyin ya kai tan 20. Aikin bel ke nan: ya tsawaita lokacin tsayawa, ya kuma raba nauyin bisa ƙugu da ƙirji da kafaɗa. Da wannan lissafi, yaro mai kilo 10 a kan cinya zai koma kilo 280, wato kusan buhun masara uku. Wace uwa ce za ta iya riƙe shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar mazauna gaba da kusan rabi. To amma ina amfaninsa a motar haya da aka cusa fasinja biyu a kujerar mutum ɗaya? Nan ne gizo ke saƙa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi na Gwarzo da Kabo da su haramta wannan lodi tun daga tasha, su kuma tabbatar kowace mota tana da bel mai aiki. Mu fasinjoji kuma mu yarda da ɗan ƙarin kuɗin mota da zai biyo baya, domin bai kai kuɗin ɗori ba, balle asarar rai. Ajali na hannun Allah, amma sakaci namu ne.