Jikka goma aka taya domino ɗin Kaka

Ƴan uwa matasa, yau ba maganar tsadar hatsi zan yi ba, ko da yake hatsin sai ya shigo ko ban gayyace shi ba. Maganar wani ɗan akwatin katako ce, wanda ya kusa haɗa ni faɗa da gwaggona a Gure watan jiya.

Kakanmu, Allah ya ji ƙansa, tsohon soja ne na zamanin Faransa. Da aka sallame shi ya dawo gida da bargo, da lambar girma, da akwatin domino. Bargon gara ta cinye. Lambar kuwa wani jika ya yi wasa da ita har ta ɓace. Domino ɗin ne ya rage a ƙasan adakar Gwaggo. Kada ku ɗauka irin na roba ne da muke bugawa a fada. Kowane ɗa fuskarsa ƙashi ne, bayansa baƙin katako, an haɗa su da ƴar ƙusar tagulla a tsakiya, wadda ke sa ɗan ya juya a kan tebur in ana cakuɗawa. Ƙashin ya yi ja-ja saboda gumin hannu, wasu idanun sun shafe.

Kun san dillalan nan masu bin gida-gida a kan babur suna tambayar tsohon takobi, akushi, sirdi, zoben azurfa. Ɗayansu ya ga akwatin, ya taya jikka goma nan take. Gwaggo ta kira ni a waya don ta san ina son abin. Ni kuma da rawar kai na shiga yi mata lacca a kan kayan tarihi da gadon kakanni. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To ɗana, na ji. Ƙashin za mu dafa mu ci?"

Wallahi shiru na yi. Na ga yadda mu ƴan birni muke da arha wajen wa'azin al'ada. Tsohuwar da rumbunta ya yi ƙasa tun kafin damina ta kankama, ba ta da laifi in ta sayar da abin da ba ya tuka tuwo. Duk mai son a adana kayan da, ya fara da sa hannu a aljihu. Na ce ta sallami dillalin, ni zan biya. Na aika mata jikka shida, cikon huɗu sai ƙarshen wata.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 2018 da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka fitar da rahotonsu, suka ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin Faransa, dukanmu mun yi ta yaɗawa. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta maida wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey, muka yi guɗa. A Disamba na 2022 Jamus ta fara maida wa Najeriya tagullar masarautar Benin, muka sake yin guɗa. Daidai ne, abin da aka ƙwace da bindiga a dawo da shi. Amma yayin da muke neman na Paris, na ɗakin kaka yana fita ta ƙofar baya a kan babur, da yardarmu, a farashin kuɗin kiran waya na wata ɗaya. Nan da shekara hamsin jikokinmu wa za su zarga?

Kuma mun riga mun ga irin wannan. Kayan yumɓun Bura da ke yankin Tera, sai da masu haƙa suka yi musu wawaso har hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Muna da doka tun 1997 ta kare kayan gadon ƙasa. Muna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. To amma doka ba ta leƙa ƙasan adakar Gwaggo, ma'aikacin gidan tarihi kuma bai san hanyar gidanmu ba. Dillali ya sani.

Wani abokina ya ce mini, kai ma dai, domino ai kayan Nasara ne, mene ne na gado a ciki? Na ce ya bi sawun abin ya gani. A Sin aka fara sanin irin wannan wasa, bai bayyana a Turai ba sai ƙarni na 18 a Italiya, daga nan ya shiga Faransa, soja suka zo mana da shi. Kowa ara ya yi. Shayin da yake kurɓa yana wannan magana ma daga Sin ake kawo ganyensa, ban ji ya ce fada ba tamu ba ce. Wannan akwatin ya fi shekara sittin a Gure. An buga shi a ƙofar gida ranar sunan babana. A kansa tsofaffin soja ke zama suna ba da labarin da babu wanda ya rubuta. Idan wannan bai isa ya zama namu ba, ban san me zai isa ba.

Da ya zo hannuna na zazzage na ƙirga, 27. Cikakken domino 28 ne. Gano wanda ya ɓace ba wuya: kowace lamba, daga fanko har shida, tana fitowa a kan ƴaƴa bakwai. Na jera su, na ga biyar tana kan shida kawai, uku ma haka. Biyar-da-uku ke nan ya tafi, ƙila tun ba a haife ni ba.

A wajen gyara ne na so ku saurara, don nan ne masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Ƙanena ya ce mu jiƙa su a ruwan jabel su yi fari tas. Da na biye masa da an gama da su. Ƙashi da katako ba sa shan ruwa daidai, ɗaya ya kumbura ya bar ɗaya, in sun bushe a iskar hunturu sai su tsage ko su rabu a bakin ƙusa. Jabel kuma cin ƙashi yake, ya bar shi yana gari. Tsumma mai laushi na sa, da tsinken sakace na ciro dattin da ke cikin idanu, shi ke nan. Ban shafa fenti ba, ban goge jan nan ba, don jan shi ne hannun Kaka. Akwatin da gara ta fara taɓawa na kai wa wani masassaƙi a kasuwa, na tsaya a kansa har ya canza katakon ƙasa kaɗai. So ya yi ya sabunta duka ya shafa mai ƙyalli. Ya ɗauka rowa ce ta hana ni.

Shi dai biyar-da-ukun, shi ya sassaƙa mini sabo da ƙashin raƙumi da itacen ƙirya, maƙeri ya yi ƙusar. Ya fi sauran haske, kuma na bar shi haka da gangan, don kada wani ya zo daga baya ya rantse cewa na asali ne. Illarsa ɗaya: duk wanda ya ɗauke shi, kowa ya san abin da ke hannunsa.

Domino aƙalla yana da akwatin da za a ɓoye. Dara fa? A inda na koya, rami 30 ake tonawa a rairayi, layi biyar gida shida, kowa da ƴaƴa 12, wannan da tsinken kara, wancan da ƙwallon dabino ko tsakuwa. A fara da zubawa ɗaya-ɗaya, ba a yarda ka jera uku tun a zubi ba. Sai an gama a shiga turawa, ka jera uku ka ci ɗan abokin wasa, in ka jera huɗu ba ka ci komai ba. An tashi, iska ta share filin. Babu abin da dillali zai saya a nan, kuma babu abin da za a kai gidan tarihi. Tana cikin kan dattawan da ke zama gindin bedi bayan la'asar, kuma ku duba da kyau, shekarun ƙaraminsu nawa? Kullum muna cewa dara ta ci gida, amma a fadarmu mu goma sha ɗaya, mutum biyu ne suka iya tona ramin daidai. Sauran yatsansu na kan waya, wasu ma a kan cacar ƙwallo da ke lashe musu ɗan abin da suka samu. Dara da domino na ƙofar gida ban taɓa ganin sun raba mutum da babur ɗinsa ba.

Kokowa ma da wasan ƙauye ce bayan girbi. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ga ta nan, duk Nijar na tsayawa cak saboda takobi. Ba na jiran gwamnati ta yi wa dara haka. Waya na hannunku. In kun je gida hutu, ku zauna gaban tsoho ku ɗauki muryarsa yana faɗin ƙa'idar wasan da sunan kowane salo, don na Gure ba lallai ya zama na Maraɗi ba. Ku buɗe adaka da izinin masu ita, ku ɗauki hoto, ku rubuta na wane ne, daga ina ya zo. Abin kunya ne a ce in muna son sanin yadda Gure take a zamanin Muniyoma sai mun buɗe littafin Barth, Bajamushen da ya ratsa garin a Disamba na 1852. In kuma dole sai an sayar, a fara tallata wa dangi kafin baƙo.

Domino ɗin Kaka yanzu yana fadarmu, muna buga shi daren Alhamis, a kan tabarma ba a kan siminti ba, kuma na hana buga ɗa da ƙarfi irin na masu nuna isa. Dillalin kuwa ya koma wajen Gwaggo bayan sati biyu, bai san kaya sun tashi ba, ya ce ya ƙara zuwa jikka ashirin da biyar. Ta kira ni da sassafe. "Ɗana, ashe ka cuce ni. Cikon nawa yanzu goma sha tara ne, ba huɗu ba." Har yanzu muna ciniki.