Don Wa Ake Gina Zaure?

Duk wanda ya san ginin gidan Bahaushe ya san ba don mai gida ake gina zaure ba. Mai gida ya san hanyar turakarsa ko da tsakar dare ne. Baƙo shi ne ke bukatar ƙofar da zai hango daga nesa, da inuwar da zai zauna kafin a yi masa iso. Wannan hikima ta kuɓuce wa da yawa daga cikin masu shugabancin zaurukan intanet, inda ma'aikata da ɗalibai ke haɗuwa a yau.

Mu ɗauki misalin Wikipedia, kundin ilmin nan da aka kafa a 2001, wanda masu aikin sa kai ke rubutawa. Yawan marubutan sashensa na Turanci ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya shiga raguwa. Wani bincike da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka buga a 2013 ya nuna cewa irin tarbar da ake yi wa sababbin shiga tana cikin manyan dalilai. Dabarun kwamfuta da aka ƙirƙiro don share ɓarna sai suka riƙa soke rubutun masu kyakkyawar niyya, tare da aika musu gargaɗi. Wanda aka tara da tsawa a ranar farko, da wuya ya sake dawowa.

Shi ya sa a 2012 aka buɗe wani sashe mai suna Teahouse, wato ɗakin shan shayi, inda sabon shiga zai yi tambaya tsofaffin hannu su amsa masa cikin sakin fuska. Haka kuma a watan Janairun 2023 aka canja fasalin shafukan Turancin, babban canji na farko tun 2010. Aka mai da jerin babi-babi gefe, aka ɗaga maɓallin sauya harshe zuwa sama. Tsofaffin marubuta da dama suka yi ƙorafi, alhali duk mai rajista an bar masa ikon komawa tsohon fasalin da ya saba.

Abin lura a nan shi ne, tsohon ɗan gida yana da zaɓi, yana kuma da bakin magana. Baƙo kuwa ba ya kai ƙara. In ya ruɗe, ficewa yake yi shiru, ba wanda zai san an yi hasararsa. Don haka idan sabon tsohon hannu ya yi karo da bukatar sabon shiga, wajibi ne a fifita ta baƙon.

Wasu za su ce sakin ƙofa shi ke shigo da masu yaɗa ƙarya da 'yan damfara. Gaskiya ne, amma ai zaure ma wurin tantancewa ne. A nan ake sanin wanda ya zo da abin da ya kawo shi, ba tare da an wulaƙanta shi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin zaurukan WhatsApp da Facebook na ma'aikatu da makarantu, da su taƙaita dokokinsu, su ajiye su inda ido zai fara sauka. A naɗa mutum guda mai yi wa sababbi maraba. Wanda ya yi kuskure a gyara masa a keɓe, wanda ya maimaita tsohuwar tambaya a amsa masa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to amma baƙon intanet yana bukatar duka biyun. Allah ya sa mu gyara.